Sanarwa ga ƙannenmu masu shirin tafiya Badagry

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Wannan saƙo na ƴan aji biyu masu karatun Faransanci a jami'a ne musamman, waɗanda in Allah ya yarda za su tafi Ƙauyen Faransanci na Badagry a aji uku. Gwamnatin tarayya ce ta kafa shi a 1991, domin ɗalibai su samu zaman koyon Faransanci da a da sai an tsallaka ƙasashen waje ake yi.

Ni na je can da sakamako mai kyau a nahawu, amma bakina a ɗaure. Makonni biyun farko in aka yi min tambaya sai na tsara amsar a zuci da Hausa, kafin in juya ta an wuce wurin. Abin ya dame ni ƙwarai. Sai da na daina tsoron kuskure, na zauna ɗaki ɗaya da ɗalibai daga Nsukka da Ibadan muka yi alƙawarin Faransanci kaɗai za mu yi, sannan harshe ya sake. A nan kuma na koyi haƙuri da mutanen da al'adarmu ta bambanta, abin da ban samu a littafi ba.

Don Allah kada ku jira sai kun isa. Ku riƙa sauraron Journal en français facile, shirin labarai cikin sassauƙan Faransanci na gidan rediyon RFI, kullum, ku rubuta sababbin kalmomi. Masu son takardar shaida su fara duba jarrabawar DELF ta tantance iya Faransanci, matakin B1 (wato matsakaici).

Daga wannan Asabar za mu riƙa hira ta murya a nan rukunin bayan sallar Isha'i, minti 30, Faransanci zalla. Wanda zai shiga ya ɗaga hannu a ƙasa.