Gidan haya da bashin banki: in shiga ko in dakata?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na daɗe ina sauraron shirinka, amma sai yau na ɗauki alƙalami, domin abin da ke gabana ya fara hana ni barci.

Ni malamar makaranta ce, saura shekara 4 in yi ritaya. Maigidana ya rasu shekara 6 da suka wuce, ya bar ni da yara 3, autan bai gama firamare ba. Na haɗa abin da na tara da abin da aka raba mana na gado, ina so in sayi gidan haya, domin in samu abin da zai riƙa shigowa idan albashi ya yanke. Kuɗi a ajiye kuwa, tsadar kaya sai cin su take yi kamar gara.

Gidaje biyu dillali ya nuna mini. Na farko yana cikin gari, kusa da asibiti da wata babbar makaranta, ɗaki ba ya daɗewa babu mutum. Sai dai hayarsa ta shekara kashi 6 cikin 100 ce kawai ta kuɗin gidan, kuma abin da ke hannuna bai wuce kashi biyu cikin uku na farashinsa ba. Na biyu yana bayan gari, zan iya biya lakadan, hayarsa a takarda ta kai kashi 10. Da na koma ni kaɗai ba tare da dillalin ba, maƙwabta suka ce sashe biyu cikin huɗu sun fi wata 7 a kulle, kuma da damina mota ba ta shiga layin.

Zuciyata ta fi kwanciya da na farko, amma a nan lissafin ya tsaya mini. Na zauna da biro na cire ladan mai karɓar haya, na cire gyaran rufi da famfo da fenti, na ware wata ɗaya na zaman banza tsakanin fitar wani da shigowar wani, na bar wani abu na haraji. Kashi 6 ɗin nan ya dawo wajen 4. Banki kuma ya ce zai cika mini ragowar a kan ruwa kashi 14. Idan ban yi kuskure ba, ruwan sulusin kuɗin gidan kaɗai ya haura kashi 4 da rabi na farashinsa a shekarar farko. Ke nan duk hayar za ta tafi a ruwa, uwar kuɗin kuma daga albashina za ta fito, albashin da ya kusa ƙarewa. Ga shi takardar ta ce suna iya ƙara ruwan idan yanayi ya canza.

Yayana ya ce tsoro ne ya yi mini yawa, wai gida ba ya faɗuwa, darajarsa za ta rufe komai. Ina girmama shi, kuma na san alheri yake nufi. Amma ban manta da Amurka a 2008 ba, inda mutane suka ci bashin gidaje da irin wannan zato, farashi ya karye, miliyoyi suka rasa gidajensu. Abin da ya fi nauyi a raina shi ne rabon marayu yana cikin kuɗin nan. Da nawa ne ni kaɗai, da na rufe ido na shiga.

Ruwan kansa ma bai kwanta mini ba. Wata abokiyar aikina ta yi mini bayanin bankunan da ba sa karɓar ruwa: a murabaha banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, a musharaka kuma ku mallake shi tare, kana sayen kasonsa kaɗan-kaɗan kana biyan hayar abin da ya rage. Malam, idan ribar tasu ta fi abin da gidan ke kawowa, ba ramin nan ɗaya zan sake faɗawa ba?

Sai batun haraji. Na fahimci kuɗin haya ma kuɗin shiga ne da hukuma ke da kaso a ciki, kuma a ƙasashe da dama ana cire kuɗin gyara kafin a lissafa, muddin akwai rasit. Akwai kuma harajin riba ranar da aka sayar. Wa ya kamata in fara gani kafin in sa hannu, lauya ko akanta? Kuma da sunan wa za a rubuta takardun, nawa kaɗai, ko a fayyace kason kowane yaro tun yanzu?

Dillalin ya ba ni mako 2, ya ce akwai mai so. Don Allah ka duba mini lissafin nan, ka faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba: in ci bashin, in ɗauki na bayan gari da wofinsa, ko in haƙura in nemi ƙarami a unguwa mai kyau wanda kuɗina za su iya?

Allah Ya saka da alheri.

'Yar'uwarka,
mai sauraron shirinka a kullum