A taimaka wa masu binciken digiri na biyu a gida

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan halin da mu masu digiri na biyu ta hanyar bincike a injiniyan sinadarai muke ciki.

Aikina a kan farar ƙasar Ƙanƙara ne ta Jihar Katsina, wadda mutanenmu suka sani tun kaka da kakanni. Ina gasa ta a murhun lantarki da zafin digiri 700, sannan in haɗa ta da sinadarai har ta koma ziyolait, wani gari mai ƙananan ramuka da matatun mai ke amfani da shi wajen fasa ɗanyen mai ya ba da fetur. Ramukan ba su kai nanomita ɗaya ba, ita kuwa nanomita, mita ɗaya ce aka raba gida biliyan. Sai da na'ura ta musamman ake gane ko aikin ya yi.

A nan gizo ke saƙar. Sau uku wuta na ɗaukewa ina tsakiyar gashi, aikin mako guda ya lalace. Samfurin da ya tsira kuma na ƙulle shi a 'yar kwalba, na aika wata jiha mai irin wannan na'ura da kuɗin aljihuna don a auna shi, na jira wata biyu.

Ina roƙon PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur) da TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) su ware wa kowace shiyya ɗakin gwaji ɗaya mai sola da na'urorin aune-aune, wanda kowane ɗalibi zai shiga da katin makarantarsa.

Naku,
Wani ɗalibi daga Katsina