Wasiƙa zuwa ga Malam Bashir a kan sayar da motarsa

Assalamu alaikum Malam Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Hanifa da yara. Ya sanyin Manchesta, ya kuma shirin dawowa gida? Allah ya kawo ku lafiya. Saƙonka ya iso, na ga tambayarka a kan motar nan taka Toyota Auris ƙirar 2013: ka miƙa ta ga kamfanonin da ke saye ta intanet ne, ko ka tallata ka sayar da hannunka. Ka ce saura mako shida ku taso, to a kan mako shidan nan zan gina maganata.

Batun sako ta a jirgin ruwa zuwa Legas kam, ka cire shi daga ranka. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma bin hannun dama tun 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda da irin wannan mota ba. Masu juya sitiyari suna nan, amma aiki ne da ke taɓa birki da wayoyi da gaban mota gaba ɗaya, ba zan so ka sa iyali a cikinta ba.

Kamfanonin nan iri biyu ne, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai mai saye da kuɗinsa, kamar webuyanycar. Za ka sa lambar mota da adadin mil ɗin da ta ci, nan take su turo maka farashi, ka zaɓi ranar da za ka kai ta reshensu. Akwai kuma irin su Motorway da Carwow, waɗanda ba su ke saye ba. Kai za ka ɗauki hotuna ta wayarka, su baje motar a gaban dillalai a yi gwanjo, wanda ya fi tayi ya aiko a ɗauka har ƙofar gidanka. 

Farashin da ka gani a waya ba shi ne za ka karɓa ba, nan ne mutane suka fi jin haushi. An gina shi ne a kan zaton cewa motar ba ta da ƙarzuwa ko lotsawa, makullanta biyu na nan, MOT ɗinta, wato takardar gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da sauran watanni, ba a taɓa yin tasi da ita ba, inshora kuma ba ta taɓa yanke mata hukuncin ta tashi aiki ba. Ranar da ka kai ta, yaron zai zagaya ta da kwamfutar hannu. Zai durƙusa ya duba bakin kowace ƙafa inda ta gogi gefen titi, ya shafa bamba, ya leƙa gilashin gaba yana neman inda tsakuwa ta sara, ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗa, ya tayar da inji ya ga ko wata fitila za ta tsaya a kunne. Duk abin da ya taɓa a allonsa, kuɗi na sauka. Daga ƙarshe a cire kuɗin aikinsu, kuɗinka kuma ya shigo bayan 'yan kwanakin aiki, sai dai in ka biya ƙari a turo maka da wuri. Ba zamba ba ce, haka kasuwancin yake. Kamfanin webuyanycar da gidan gwanjon BCA uwarsu ɗaya, yawancin motocin can ake kai su, dillali ya saya ya gyara ya ɗora ribarsa. Riba biyu ke nan da kuɗin ɗauko, duk daga jikin motarka za su fito. Abin da za ka yi shi ne ka bayyana kowane aibi tun a intanet kafin ka je, domin ka ga farashi na gaskiya kana zaune a ɗakinka. Haka ma a Motorway: in ka ɓoye lotsawa a hoto, wanda aka aiko zai gan ta, ya tsaya a ƙofar gidanka ya nemi ragi, kai kuma ka riga ka sa rai. A duka biyun kana da ikon ka ce albarka, ka karɓi makullinka.

Yanzu ga ra'ayina. Da motarka mai tsada ce, ko da bashin kamfanin lamuni a kanta, ko da giyarta na da wata babbar matsala, da na ce ka ba kamfani ka huta. Mai bashi a kai musamman, domin ba taka ba ce sai an biya ragowar, kuma kamfanonin nan sun saba biyan mai lamuni kai tsaye su ba ka abin da ya saura. Amma taka Toyota ce mai fetur, ba bashi, takardun sabis na nan. Irin wadda talaka ke nema ke nan da kuɗinsa a hannu, kuma a ƙaramar mota irin wannan, ɗaruruwan fam ɗin da ke tsakanin tayin kamfani da na mai saye don kansa ba abin rainawa ba ne ga mai shirin kafa gida a Najeriya. Saboda haka ka karɓi farashin kamfanoni biyu ko uku a wannan makon, ka riƙe mafi tsoka a matsayin abin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, sannan ka tallata da kanka. In saura kwana goma ku tashi ba ta tafi ba, ka sake neman farashi, tunda nasu 'yan kwanaki kawai yake yi, ka kai musu. Kada ka bari sai ana gobe tafiya, domin wanda jirgi ke jira ba ya iya cewa albarka.

Kafin talla ka tattaro kaya. Takardar mallaka ta V5C, in ta ɓace ka nemi wata wurin DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, fam 25 ne. Makulli na biyu, littafin sabis, da duk rasit ɗin bakanike. In MOT ya kusa ƙarewa ka yi sabo, kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85, kuma shekara cur a takarda tana kwantar da hankalin mai saye fiye da duk wani daɗin baki. Ka sani kowa na iya duba tarihin MOT ɗinka kyauta a shafin gwamnati da lambar mota kawai, ya ga mil ɗin kowace shekara da gargaɗin da aka rubuta, don haka ka riga shi karantawa. Taya in zanenta ya gaza milimita 1.6 ta saɓa doka, ka canza. Ƙwan fitila da roban goge gilashi, ka canza. Fenti da fanel bita kuwa ka ƙyale, ba za su dawo maka da kuɗinsu ba. Ka wanke ta ciki da waje, ka ɗauki hoto da rana, har da allon mil inji na aiki, har da wuraren da suka ƙarzu.

Shafin tallan motoci na Auto Trader ana biya, amma masu zuwa daga can sun fi zama da gaske. Facebook Marketplace kyauta ne, sai dai ka shirya wa masu tayin rabin kuɗi tun ba su ga mota ba. Ka rubuta a tallan cewa ta cika sharaɗin ULEZ, wato dokar taƙaita hayaƙin mota ta Landan, domin mai shiga Landan da motar da ba ta cika ba fam 12.50 yake biya kullum, kuma tsofaffin masu dizal da yawa sun faɗi a nan. Ka sa ta kuma a zauren WhatsApp na 'yan gida da allon masallaci. Amma ina roƙonka, ko ɗan'uwa ne kada ka yarda da "zan cika maka ƙarshen wata". Bin bashi daga Kaduna zuwa Manchesta ɓata zumunci kawai zai yi.

Aibin da ka sani ka faɗe shi. Ɓoye shi ha'inci ne a addini, a dokarsu ma in ka siffanta mota da abin da ba haka ba mai saye na iya kai ka kotu, kuma laifi ne sayar da motar da ba ta cancanci hawa titi ba ga wanda zai tuƙa ta.

Ranar da za a zo gani, da rana, ka samu wani ya tsaya tare da kai. Ka duba lasisin mai gwadawa da shaidar cewa inshora ta rufe shi a kan motarka, in babu ya sayi ta awa ɗaya ko ta yini, domin in aka kama shi ba inshora kai da ka ba shi makulli ma ka yi laifi. Ka zauna a ciki, in za ku sauya kujera ka zare makulli ka riƙe. Akwai wata damfara da ta yi suna a can. Mutum biyu ko uku za su zo, a buɗe bonet, ɗaya ya ja ka baya wai ka nuna masa safaya. Kafin ka dawo ɗayan ya tsiyaya baƙin mai a tankin ruwan lagireto, wani lokaci har a bakin salansa. Sai a zaga gari, a dawo hayaƙi na tashi, ya buɗe murfin tankin ya nuna maka ruwan ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, ya ce gaskit ɗin inji ya ƙone, amma don tausayi zai ɗauke ta a rabin kuɗi. Maganinta ka ɗauki hoton tankin kafin su iso, kuma muddin bonet na buɗe kada ka gusa daga gabansa.

A wajen kuɗi, alat ɗin bogi ba a gida kaɗai yake ba. Akwai manhajar da ke kwaikwayon ta banki, ya nuna maka a wayarsa kuɗi sun fita alhali ba abin da ya fita. Wayarsa ba hujja ba ce. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ka ga kuɗin a cikin asusunka, sannan makulli ya bar aljihunka. Wani lokaci banki kan riƙe kuɗi mai yawa don bincike, to a zauna a sha shayi a jira. In tsaba ya kawo, ku je banki tare a ƙirga a zuba. Wanda ya ce yana ƙasar waje zai turo direba, ko ya aiko maka adireshin wani shafi wai ka sayi rahoton mota a can, katin bankinka yake nema. Kada kuma ka tura wa kowa hoton V5C, lambar nan mai alƙaluma 11 da ke jikinta da ita ake sauya mallaka.

In ciniki ya faɗa, ku rubuta rasit biyu: suna da adireshin kowa, lambar mota, mil, kuɗi, kwanan wata har da ƙarfe nawa, domin tarar kyamara ta wannan ranar. Nan take, yana tsaye, ka shiga shafin DVLA ka sanar da sayarwar, ka yage masa koren yankin nan na sabon mai mota, ragowar takardar ka lalata ta. Kada ka bar masa wannan aikin, domin muddin sunanka na kanta duk tara kai za ta bi, rashin sanarwar kansa yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. In kamfani ko dillali ka sayar wa, sanarwar daban ce, ta sayarwa ga ɗan kasuwar mota, shi kuma ya tafi da takardar. Harajin hanya ba ya bin mota tun 2014, sai mai saye ya biya nasa kafin ya ja ta. Naka na cikakkun watannin da suka rage za a dawo maka da shi ta cek, zuwa adireshin da ke kan V5C, kuma yana iya ɗaukar makonni, saboda haka ka shirya wanda zai karɓar maka wasiƙu, kada kuma ka rufe asusun bankinka tukuna. Ka kira inshora ka soke, ka nemi takardar shekarun da ba ka nemi diyya ba ka adana. Ka goge wayarka da adireshin gida daga rediyon motar, ka cire lambarta daga manhajojin fakin.

Ka turo min hotunan da farashin da kamfanonin suka ba ka, mu tsayar da abin da za ka rubuta a talla. Ka gaishe min da Maman Hanifa da yara, mutanen gida duk suna gaishe ku.

Naka,
Usman