Sanarwa kan haɗuwarmu ta koyon alkaki da kek

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan uwana na wannan rukuni.

Ina sanar da ku cewa ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar Azahar, za mu haɗu a inda muka saba domin koyon alkaki da kek, kasancewar da yawa daga cikinmu sun nuna sha'awar yi wa iyalinsu kayan maƙulashe da hannunsu maimakon sayen na kanti.

Wadda za ta yi alkaki ta kwaɓa ɓarzajjiyar alkamarta da ɗan mai da nono mai tsami tun daren Alhamis, ta rufe ta ajiye a wuri mai ɗumi, domin alkakin da bai yi tsami ba tauri yake yi, kuma ba ya shan zuma yadda ake so. Ta taho da ruwan kanwa, da man suya, da zuma ko sukari da tsamiya. Ni dai a ganina na zuma ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Masu kek kuwa su zo da fulawa, da bota, da sukari, kowanne giram 250, da ƙwai 4, da bakin hoda. Rashin oba kada ya hana kowa zuwa, domin za a nuna yadda ake zuba yashi a gindin tukunya, a jera gwangwanaye a kai, a rufe, sannan a ɗora garwashi a kan murfin.

Don Allah wadda za ta samu zuwa ta sanar kafin Juma'a domin a tanadi gawayi isasshe.