Sanarwa kan kantin da za a gina a bakin titinmu

Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa mazauna Gesse.

An ba da izinin gina babban kanti a filin da ke kallon makarantar Islamiyyarmu. Jiya na ga an sauke bulo da yashi, har an kewaye wurin da kwano.

Ba ma ƙin ci gaba, yaranmu za su samu aiki. Amma titin nan kun san shi. Da la'asar, in yara sun fito da allunansu, ƴan kabu-kabu da motocin da suka nufi hanyar Argungu duk a nan suke haɗuwa. Wallahi ranar Talata sai da na fizgo hannun wata yarinya daga gaban babur. To ina ga an ƙara manyan motocin sauke kaya?

Roƙonmu shi ne a ware wurin ajiye motoci a cikin filin, ƙofar sauke kaya ta koma baya.

Mu haɗu ranar Asabar bayan sallar isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, mu rubuta wa hukumar tsara birane takarda. Iyaye mata, don Allah ku turo wakilai.