Zuwa Ga Ɗana da Ya Tambaya: Da Wane Baki Za Mu Yi Godiya?

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ranar Lahadin da ta wuce, sa'ad da dattawan ikilisiya suka zauna da matasa domin shirin Kirsimeti da godiyar ƙarshen shekara, ka miƙe a gaban jama'a ka ce mini: "Baba, da wane baki za mu yi godiya? Abinci ya gagari talaka, 'yan'uwanmu suna kwana a sansanin gudun hijira, kowace Disamba kuma da fargaba muke shigarta. Anya ba yaudarar kanmu muke yi ba?" Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun harare ka kamar ka yi saɓo. Ban amsa maka a wurin ba domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, kuma tun da a bainar jama'a ka yi ta, ya dace amsar ma ta fito fili.

Ba ka yi saɓo ba, ba ka kuma faɗi ƙarya ba. Mu da muka tsufa a Filato mun tuna jajibirin Kirsimetin 2010, lokacin da bama-bamai suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba a cikin Jos, mutane suna tsakiyar cefanen biki. Da shekara ta zagayo, ranar Kirsimetin 2011, aka kai hari cocin St. Theresa da ke Madalla kusa da Suleja, masu sujada suna fitowa da sababbin tufafinsu. Kai da kanka kuma ka ga abin da ya auka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Kirsimetin 2023, inda aka kashe mutane fiye da 100 cikin kwanakin da ya kamata a ce ana soya kaji ana kai wa maƙwabta shinkafa. Duk wanda ya ce maka ka mance da waɗannan domin ka iya rera waƙa, ya ɗora maka kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa kowa ba.

Amma ina so ka sake buɗe labarin haihuwar da kanka, ka karanta shi kamar ba ka taɓa ganin yaran makarantar Lahadi sun yi wasansa ba. Umarnin mai mulki ne ya tilasta wa Yusufu tafiya Baitalami da mace mai tsohon ciki, ba su sami masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, Luka ya ce hadayarsu ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, kuma idan ka duba Littafin Firistoci sura 12 za ka ga cewa wannan ita ce hadayar da aka yarje wa matar da ba ta da halin kawo ɗan rago. Wato iyayen Mai Cetonmu godiyar talakawa suka yi, da abin da ke hannunsu. Matiyu kuma bai ɓoye mana kisan da Hirudus ya sa aka yi wa 'yan yara maza a Baitalami ba, da kukan Rahila wadda ta ƙi ta'azantuwa, da gudun dare zuwa Masar. Yaron da muke bikin haihuwarsa ya ɗanɗani gudun hijira tun yana goye. Saboda haka mutumin Bokkos da ke kwana a ajin makarantar firamare ya fi ni kusa da wannan labari, ni da nake kwana a ɗakina.

Manzo Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa su yi godiya a cikin kowane hali, kuma kalmar "cikin" ita ce ta riƙe ni shekaru da yawa. Bai ce mu gode saboda an kashe mana mutane ba, Allah ya kiyaye. Shi kansa da tarzoma aka kore shi daga garin nan, waɗanda ya rubuta wa kuma suna cikin tsanani. Abin da ake gode wa shi ne Allah ya shigo cikin halinmu ya zauna tare da mu, wanda shi ne ma'anar sunan Immanuwel, kuma wannan ba ya hawa ko sauka da farashin mudu.

Bari in gaya maka abin da idona ya gani a godiyar girbi ta bara. Akwai wata gwauruwa da ta zo mana daga ƙauye bayan an ƙone gidanta da rumbunta. Da zumuntar mata suka tashi da ganga da tulu da kacau-kacau, sai ta shiga layi da ɗan ƙullin acca a bakin zane, wanda bai cika mudu ba, kuma na san ƙodago ta yi a gonar wani kafin ta same shi. Tana rawa a hankali, hawaye suna bin fuskarta har ta kai gaban bagade, ta durƙusa ta kwance ƙullin ta juye a kwando. Ban ga alamar ta mance da mijinta ba, ban kuma ga alamar wani ya tilasta mata ba. Da na gaishe ta a bakin ƙofa, abin da ta ce kawai shi ne yaranta uku suna raye.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne a kan abin da muka mai da godiya a wasu majami'unmu. Idan ana kiran sunan mai bayarwa da adadin kuɗinsa a lasifika, ana tafa wa mai buhu goma, mai ƙullin acca kuma ta wuce ba wanda ya dube ta, to mun kauce. Idan kuma aka yi amfani da "mu gode wa Allah" domin a rufe bakin mai neman a kama waɗanda suka kashe masa iyali, wannan zalunci ne a kan zalunci. Dawuda da ya cika Zabura da yabo, shi ne dai ya tambayi Allah har yaushe zai mance da shi, ba a kuwa cire wannan daga Littafin ba. Mu dattawa muna da laifi a nan, domin sau da yawa mun fi son taro ya tashi lafiya fiye da a faɗi gaskiya a cikinsa.

Duk da haka akwai abubuwan da zan ambata da sunansu a gaban Allah a bana. Zan ambaci Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, wadda Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi a Oktoban 2014, amma ta koma ta sake gini har ta yi bikin cika shekara 100 a 2023, tun daga sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida. Zan ambaci Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya hana su shiga. Zan kuma yi addu'a domin maƙwabtanmu Musulmi na Zamfara da Katsina, waɗanda su ma suke binne nasu.

Ina da roƙo biyu gare ka. Ranar 24 ga wata da safe za mu buɗe ma'ajin coci mu raba hatsin godiyar girbi ga gwauraye da waɗanda suka yi gudun hijira, kuma ina so kai da abokanka ku riƙe awo da rubuta suna, domin kada mai murya ya danne marar murya. A daren 31 ga Disamba kuma na roƙi fasto ya ba ka karatun Habakuk sura 3, daga inda ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare a turke. Ka karanta shi da irin muryar da ka yi mini tambaya, ka kai har aya ta ƙarshe. Idan bayan haka tambayar tana nan, ka zo gida da safiyar sabuwar shekara mu ci gaba, mamanka za ta dama kunu.

Naka cikin Ubangiji,
Babanka, ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya