Wasiƙa Daga Jos a Kan Plateau United

Jos, Jihar Filato.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyalinka, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ka yi mini cewa me ya hana ni rabuwa da Plateau United in huta wa raina, tunda ga manyan ƙungiyoyin Turai nan a talabijin, sai wadda mutum ya zaɓa.

Ba zan yi maka gardama ba, ƙungiyar nan ta sha karya mana zuciya, kuma abin da ya faru a shekarar 2022 har yau bai bar raina ba. A gasar zakarun Afirka mun doke Esperance ta Tunisiya da ci biyu da ɗaya a Abuja, amma da muka je gidansu suka zura mana ƙwallo ɗaya tak, jimillar ƙwallayen wasannin biyu ta zo daidai, sai dokar nan mai fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa ta fitar da mu. Muka koma gasar Confederation, wato gasar ƙungiyoyin Afirka ta biyu a daraja, muka lallasa Al Akhdar ta Libiya da ci huɗu da ɗaya, har mutane suka fara lissafin wasannin rukuni, sai ga shi an ci mu uku da nema a wasa na biyu, dokar nan dai ta sake kora mu gida. Kafin wannan, a 2020 muna saman teburi annobar korona ta tsayar da gasar, aka rufe kakar ba tare da an miƙa wa kowa kofi ba.

Sai dai ka tuna cewa mutanen Jos gadon wannan haƙuri suka yi. Iyayenmu sun bi ƙungiyar Mighty Jets ta nan Jos, wadda ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, amma ta yi ta kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale tana dawowa hannu rabbana, duk da tana da 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo. Ban taɓa jin wani dattijo a cikinsu ya ce ya yi nadamar goyon bayanta ba, kuma har gobe idan suna ba da labarin wasanninta sai ka ga fuskarsu ta washe.

Mu kuma Allah Ya nuna mana namu rabon a 2017, lokacin da Kennedy Boboye yake horar da ƙungiyar, muka ci Enugu Rangers biyu da nema a ranar ƙarshe, muka ɗauki kofin lig karo na farko. Ka san halin da garin nan ya shiga a rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, yadda unguwanni suka rabu, har mutum yana tsoron shiga inda aka haife shi. To, a wannan rana na ga ɗan Unguwar Rogo da ɗan Tudun Wada sun rungume juna, Musulmi da Kirista, ba wanda ya tambayi sunan ɗan'uwansa. Wannan ne babban dalilina, domin babu wata ƙungiya a Ingila ko Sifaniya, komai yawan kofunanta, da za ta yi wa Jos irin wannan aiki.

Saboda haka ina nan daram tare da su, kuma ina roƙonka idan za ka zo ganin gida ka daidaita tafiyarka da ranar da muke da wasa, mu je filin da ke hanyar Zariya tare. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, mutanen gida duka suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini,
daga Jos.